Akuri, wainar magarya

Icen da kowa ya sani

Duk wanda ya tashi a ƙasar Magarya ko ta Dungas ya san magarya. Tana bakin gona, tana bakin hanya, tana cikin saura. Sunan garin Magarya ma sunan wannan ice ne. Yara suna tsintar ƴaƴanta in sun tafi kiwo. Awaki da raƙuma suna cin ganyenta. Manomi yana yin shinge da ƙayarta. Ran da mutum ya cika, da ganyenta ake yi mashi wanka.

Amma sabo yakan sa a rena abu. Da yawa cikinmu mun ɗauki magarya abin tsotson yara kawai. Kowace shekara ƴaƴanta suna zuba ƙasa, tsutsa ta ci, dabbobi su tattake sauran. In bazara ta zo, rumbu ya yi ƙasa, sai mu kwance bakin zane mu saya ma yara biskit da alewar kanti.

Iyayenmu ba haka suka yi ba. Sukan tara magarya, su shanya, su daka, su yi akuri da garinta. Akuri waina ce mai zaƙi da ɗan tsami. Ba ya bukatar sukari, ba ya bukatar mai, kuma yana jimawa bai lalace ba. A wannan darasi za mu bi aikin tun daga gindin ice har bakin yaro.

Mu gane magaryar da ake ci

Akwai itace uku masu kama da juna.

Ta farko ita ce magarya. Ganyenta kore ne mai sheƙi ta sama. In ka juya shi, bayansa fari-fari ne mai laushi. Ƙayarta biyu-biyu take, ɗaya miƙe, ɗaya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ita ce mai kama riga. Ƴaƴanta ƙanana ne. Suna farawa kore, su koma rawaya, in sun nuna su yi ja-ja.

Ta biyu kurna. Ta fi magarya girma da inuwa, kuma bayan ganyenta ba ya da farin nan na magarya. Ana cin ƴaƴanta, ana iya daka su a yi gari kamar na magarya.

Ta uku magaryar kura. Ƴaƴanta ba su da daɗi, tsokarsu kaɗan ce. Ba da ita ake akuri ba.

Ko cikin magarya ta ci ma, wata ta fi wata zaƙi. Tsofaffin mata sun san kowane gindi a karkararsu. Kafin ki tara, ɗanɗana tukuna. Gindin da ya yi maki zaƙi a baki, shi zai yi maki zaƙi a akuri.

Tsinta da shanya

Magarya tana nuna bayan an gama girbi, in sanyi ya shigo, wato daga wajen watan Nuwamba zuwa Janairu. Lokaci ne mai kyau, don aikin gona ya yi sauƙi, kuma ba ruwan sama da zai ɓata shanya.

In za a tsinta, a tafi da tsohon zane ko buhu da doguwar sanda. A shimfiɗa zanen a gindin icen, a kaɗa rassa a hankali. Waɗanda suka nuna su ne za su faɗo. Kada a yi ta bugun ice da ƙarfi, don ɗanyu za su zubo a yi hasararsu. Kada kuma a sare reshe don a kai ga ƴaƴa. Reshen da aka sare bana, baɗi ba zai ba da komi ba.

Waɗanda suka daɗe a ƙasa cikin kashin awaki, a bar ma awaki. Haka kuma in an fesa maganin ƙwari a gonar da icen yake, ko a lambun da ke gefensa, kada a tsinta a wurin sai an tambayi malamin gona.

In an zo gida, a zube su a faifai a tsince. A fid da masu huda, don tsutsa na ciki. A fid da waɗanda suka yi baƙi ko funfuna. A fid da ƙaya da tsakuwa. Sannan a ɗauraye da ruwa mai tsabta sau ɗaya, a tsane nan take. Kada a jiƙa su.

A baza su a tabarma mai tsabta, bisa rumfa ko bisa wani abu mai tudu, inda kaji da awaki ba sa kai. Da maraice a kwashe saboda raɓa. Haka za a yi ta yi kwana da kwanaki har su bushe ƙayau. Ga yadda ake ganewa: in kin matsa ɗaya da yatsa, bayanta zai fashe, garin ya fito, ba zai manne maki a hannu ba. In kin ji danƙo, da saura.

Wannan shanya ita ce rabin aikin. Magaryar da ba ta bushe ba, a turmi dunƙulewa take yi, a buhu kuma funfuna take yi.

Daka da tankaɗe

A wanke turmi da taɓarya tun da safe, a bari su bushe sarai. Turmin da aka daka yaji ko daddawa a ciki zai ɓata ɗanɗanon gari.

A zuba magarya kaɗan-kaɗan. Dakan magarya ba irin dakan hatsi ba ne. Ana yin shi da sauƙin hannu, don abin da ake so shi ne tsoka ta rabu da ƙwallo, ƙwallon kuma kada ya fashe. In ya fashe, ɓarɓashinsa zai shiga gari, mai ci ya ji kamar tsakuwa a haƙori.

A kwashe a tankaɗe da rariya mai laushi. Abin da ya rage a rariya a mai da shi turmi, a sake dakawa, a sake tankaɗewa. Sau biyu ko uku ya isa.

Kada a zubar da ƙwallayen. Akwai sauran zaƙi a jikinsu. A zuba su a ƙwarya, a sa ruwan sha, a cuɗa da hannu, a tace. Da wannan ruwa ana dama kunu ko fura ba sai an sa sukari ba. Ƙwallayen kuma a ajiye wasu don shuka.

Garin magarya yana jan laima da sauri. In ba ranar za a yi aiki da shi ba, a zuba shi a tulu busasshe ko gwangwani mai marfi, a rufe da kyau.

Tsohuwa da jikanyarta

Wata yarinya ta zauna kusa da kakarta tana kallon yadda ake kwaɓin akuri. Ga hirarsu.

– Kaka, in kawo ruwa a ƙwarya?

– A ƙwarya? Kishiya, tuwo za ki tuƙa? Kawo a ludayi.

– Ludayi guda zai ishi wannan gari duka?

– Yayyafawa ake yi. Duba hannuna. In yayyafa, in murza, in yayyafa, in murza, kamar mai dambu.

– To yaya zan san ya isa?

– Damƙi kaɗan a tafin hannunki. Buɗe mu gani. Kin ga ya tsaya bai wargaje ba? To ya isa. In ya manne maki a yatsu kamar ƙullu, ruwa ya yi yawa, sai ki ƙara gari.

– Sukari fa, Kaka?

– Sukarin me? Mai ita ya riga ya sa mata nata. Je ki wanke hannun nan da sabulu tukuna, sannan ki zo ki taya ni dunƙulawa.

Turara akuri

In gari ya ji ruwa daidai, a samu ƙaramin ƙoƙo ko kofin shayi. A cika shi da gari, a danna da babban yatsa sosai, a kife a bisa ƙyalle mai tsabta. Haka za a yi ta yi har gari ya ƙare. In girmansu ɗaya ne, tare za su nuna, kuma sun fi kyan gani a kasuwa.

A ɗora tukunya da ruwa a murhu. In ya tafasa, a ɗora madambaci a kai. A naɗe mahaɗar da jiƙaƙƙen ƙyalle don kada tururi ya gudu. A shimfiɗa ƙyalle a cikin madambacin, a jera akuri, kada su taɓa juna. A rufe.

Bayan kamar minti 10 zuwa 15 a buɗe a duba. Akurin da ya nuna launinsa yana ƙara duhu, ƙamshi yana tashi, kuma jikinsa ya haɗe. A kwashe a jera a faifai ya huce. Da zafi yana da taushi. In ya huce sai ya yi ƙarfi.

Wanda za a ci a ranar, shi ke nan. Wanda za a ajiye ko a kai kasuwa, a ƙara shanya shi yini guda, a rufe da ƙyalle mara kauri saboda ƙuda da ƙura. Kada a ƙulle akuri a leda da ɗuminsa. Zai yi gumi, gumi kuma shi ke kawo funfuna.

Wannan sana'a tsohuwa ce, kuma ba mu kaɗai ke yinta ba. A shekarar 1796 wani Bature matafiyi mai suna Mungo Park ya ratsa ƙasar da ake kira Mali yanzu. Ya tarar mutane suna shanya magarya, suna dakawa a turmi, suna yin waina da garin, suna wanke ƙwallayen su dama kunu da ruwan. A arewacin Kamaru ma mata suna turara irin wannan waina, da Fulatanci ana ce mata yabande.

Wata dubara daga nesa: gashin tukunya

A Amurka, mutanen karkara suna da wani abinci da suke kira kobla. Sun fi shekara 150 suna yinsa. Sukan tsinci ƴaƴan itacen daji, su zuba a tukunyar ƙarfe, su rufe da kwaɓin fulawa, su gasa da garwashi sama da ƙasa. Mu ma muna iya gwada wannan da magaryarmu, ranar suna ko ranar salla. Ba a bukatar gidan gasa burodi. Ma'auninmu shi ne ƙaramin gwangwanin madara.

Kayan ƙasa: garin magarya gwangwani 2, ruwa gwangwani 3.

Kayan rufi: fulawa gwangwani 2, sukari cokali 3, man gyaɗa cokali 3, gishiri kaɗan, yis ƙaramin cokali 1, ruwan ɗumi gwangwani 1.

1. A kwaɓa kayan rufi kamar za a yi fanke, amma ya ɗan fi na fanke kauri. A rufe a ajiye wuri mai ɗumi kamar awa guda, har ya tashi.
2. A dama garin magarya da ruwa, a dafa ana motsawa har ya yi kaurin kunu.
3. A shafa mai a kwanon ƙarfe ko kasko, a juye magaryar a ciki. Ban da roba.
4. A riƙa ɗibar kwaɓi da cokali ana ɗorawa a kai, nan da can. A bar ƴan kafofi inda tururi zai fita.
5. A zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, kaurin yatsa biyu. A ɗora a wuta ya yi zafi.
6. A sa kwanon a kan yashin, a rufe tukunya, a zuba garwashi bisa marfin. Wutar ƙasa ta zama kaɗan.
7. Bayan kamar rabin awa a buɗe. A soka tsinke a cikin rufin. In ya fito ba kwaɓi a jikinsa, kuma sama ta yi ja, ya gasu.

Ana ci da cokali, da ɗuminsa. Wasu za su so su zuba nono a kai. Shi wannan ba ya kwana biyu kamar akuri, a ranar ake cinye shi. Lokacin ɗinya ko na mangwaro ana iya sa tsokarsu a madadin magarya. A kula da yara kusa da garwashi, kuma a sauke marfi da tsumma mai kauri.

Amfaninsa ga gida

Ɗanyar magarya tana da bitamin C da yawa. Shi ne ke taimakon dasashi, yana sa rauni ya warke, yana kuma taimakon jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Shanya da dahuwa suna rage shi. Saboda haka a lokacinta a bar yara su ci ɗanya mai tsabta, a shanya sauran. Busassa kuma tana riƙe zaƙinta mai ba da ƙarfi.

Akwai kashedi biyu. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Ƙaramin yaro kuma kada a ba shi magarya da ƙwallonta, don tana iya maƙale mashi a maƙogwaro. A jiƙa mashi akuri, ko a dama garin a kununsa.

Akuri ba ya maye gurbin tuwo. Amma manya sun tuna farin 1984 da wahalar 2005. A irin waɗannan shekaru, gidan da ya san abincin daji ya fi jimrewa. Magarya tana da saiwa mai zurfi, takan yi ƴaƴa ko a shekarar da hatsi bai yi kyau ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Garin da za a ci a bazara, a cikin sanyi ake tara shi.

Akwai kuma kuɗi a ciki. Jarin akuri ƙarfin hannu ne da ɗan itacen wuta. Ana iya kai shi kasuwannin Bande, Waca, Dogo-Dogo ko Malawa, ko a sayar a ƙofar makaranta. Mai saye yana duban tsabta kafin ya ɗanɗana, don haka a rufe tire. Matan da ke cikin asusu, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jahar Maraɗi a 1991, suna iya haɗa hannu: wasu su tsinta, wasu su daka, wasu su kai kasuwa. A birnin Zinder ma, a 2014, an kafa wani kamfani mai suna Sahara Sahel Foods don sarrafa ƴaƴan itacen daji irin su magarya, aduwa da anza. Abin da muke takawa a gona, ga shi har ya shiga kwalba da kwali.

In ba ice, ba akuri

Duk wannan magana tana tsaye ne a kan ice. Jama'a sun yi yawa a ƙasarmu, gonaki sun matsu, daji ya ragu. Magaryar da za mu ci nan gaba, a gonarmu za ta fito.

Manoman Magarya, Matamaye da Mirya sun yi suna wajen renon gawo a gonakinsu. Tun daga shekarun 1980 sassaben zamani ya bazu a jihohin Maraɗi da Damagaram. Maimakon a sassabe komi a ƙone, sai a zaɓi toho mai ƙarfi ɗaya ko biyu a kowane kututture, a cire sauran, a bar shi ya girma. A shekarar 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta tabbatar ma manomi haƙƙinsa a kan icen da ya rena ta wannan hanya. Abin da aka yi ma gawo, a yi ma magarya. In ƙayarta tana damun mai noma, a bar ta a iyakar gona, ta zama shinge.

Mai son shuka, ya fasa ƙwallo a hankali ya ciro ƙwayar ciki, don ta fi saurin tsirowa. A shuka da faɗuwar damina, a kare dashen daga awaki. Akwai kuma irin magarya mai manyan ƴaƴa da aka kawo daga Indiya, ana ce mata tuffar Sahel. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yi aikin yaɗa ta. Ana aura reshenta a jikin magaryarmu ta gida. Ita an fi cin ta ɗanya. Wanda ke so ya nemi bayani wurin malamin gona ko ma'aikatan gandun daji na gundumarsa.

Bana in sanyi ya shigo, kowane gida ya gwada ko da tiya guda ce. Kuma kowane mai gona ya bar magarya ko da gindi biyu.

Tambayoyi

1. Yaya ake bambanta ganyen magarya da na kurna?
2. Don me ba a sare reshe in za a tsinci magarya?
3. Yaya ake gane magarya ta bushe?
4. Me zai faru in ƙwallo ya fashe a turmi?
5. Don me ba a ƙulle akuri a leda da ɗuminsa?
6. Wane kashedi aka yi game da ƙananan yara?

Lissafi

A ce wata mata ta yi akuri 40. Yaranta sun ci 6. Ta sayar da sauran, kowane ɗaya dala 5. Ta kashe dala 30 wajen itacen wuta da sabulu. Dala nawa ta samu? Nawa ne ribarta?

Aikin gida

Rubuta sunayen itatuwa 5 na garinku da ake cin ƴaƴansu. A gaban kowane, rubuta lokacin da yake nuna. Tambayi wata tsohuwa a unguwarku yadda ake akuri a zamaninsu. In akwai abin da ya bambanta da na wannan darasi, rubuta shi a layi 3, ka karanta ma ƴan ajinku.